Detroit Pistons: Ba shan kashi sau 28 a jere ne ya fi yi min ciwo ba

Daren 28 ga Disambar 2023 ne a birnin Boston na Amurka, mu kuma a nan Najeriya tuni an shiga 29 ga wata. Sanyin hunturu ya kankama, unguwa ta yi tsit, ni kuwa ina ƙudundune cikin bargo da waya a hannu ina kallon ƙungiyata, Detroit Pistons, tana karawa da Boston Celtics a gasar ƙwallon kwando ta NBA.

Kafin wannan dare an doke mu sau 27 a jere. Ita kuwa Boston babu wanda ya taɓa cin ta a gidanta tun da aka fara kakar. Amma sai ga yaranmu sun ba ta tazarar maki 21, aka tafi hutun rabin lokaci muna gaba da maki 19. Ban san lokacin da na miƙe zaune ba.

Motsina ya tada uwargida. Ta dube ni, ta dubi hasken wayar, ta ce: "Malam, wai su waɗannan mutanen sun ma san kana yi?" Na ce ta yi haƙuri, yau dai akwai labari. Kafin a kira assalatu labarin ya fito: Boston ta rama, aka je ƙarin lokaci, ta cinye mu da maki 128 da 122. Kashi na 28 ke nan.

Na daɗe ina juya wannan kaka a raina, kuma ga abin da na tsaya a kai: ba yawan shan kashin ne ya fi ƙona min rai ba. Abin da ya fi ciwo shi ne kallon koci yana maimaita kuskure ɗaya dare bayan dare, kowa na gani, shi kaɗai ne bai gani ba. Har yau idan wani ya ce min "ai koci ba ya buga wasa", wannan kakar nake tunawa.

Yadda na faɗa wannan tarko

A majalisarmu kowa da ƙungiyarsa ta ƙwallon ƙafa a Ingila ko Sifaniya. Ni ma ina da tawa, amma ƙwallon kwando ce ta fi kama min zuciya. Asalin abin wata riga ce ta gwanjo mai lamba 3 da yayana ya saya min ina ƙaramar sakandare, da sunan Ben Wallace a bayanta. Daga baya na gano cewa mai rigar yana cikin waɗanda suka lallasa Los Angeles Lakers ta su Shaquille O'Neal da Kobe Bryant da wasa 4 da 1 a wasan ƙarshe na 2004.

Detroit ba ƙaramar ƙungiya ba ce. Ta ɗauki kofin NBA sau uku: 1989 da 1990 a zamanin Isiah Thomas da Joe Dumars ƙarƙashin koci Chuck Daly, sai 2004 ƙarƙashin Larry Brown. An san ta da taurin tsaron gida da aiki tare, ba da tauraro guda ba.

Goyon bayan ƙungiyar NBA daga nan ba ƙaramin aiki ba ne. Wasan da aka fara ƙarfe 7 na yamma a Detroit lokacin hunturu, ƙarfe 1 na dare ne a wajenmu. Ka sayi data, ka tanadi caji don gudun a ɗauke wuta, ka kashe barcinka, da safe kuma ka fita nema da jajayen idanu. Wanda ya biya wannan farashi yana da bakin magana.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani

Ga wanda ya saba da ƙwallon ƙafa, akwai bambanci guda mai muhimmanci. A NBA babu faɗawa rukuni na ƙasa. Ko ka zo na ƙarshe cikin ƙungiyoyi 30, baɗi kana nan. Hasali ma ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ake bai wa dama mafi girma a zaɓen sababbin 'yan wasa da ake yi duk shekara.

Saboda haka ƙungiya kan ɗauki shekaru tana shan wuya da gangan don ta tara matasa masu hazaƙa. Haka Detroit ta yi. Ta ɗauki Killian Hayes a matsayi na 7 a 2020, Cade Cunningham a matsayi na 1 a 2021, Jaden Ivey a na 5 a 2022, a shekarar kuma ta samu Jalen Duren wanda aka zaɓa a na 13, sai Ausar Thompson a na 5 a 2023.

To ƙungiya irin wannan mene ne jarinta? Mintuna. Wasan NBA minti 48 ne, zubi huɗu na minti 12, kuma mutum biyar ke cikin fili a kowane lokaci. Ke nan a kowane dare koci yana da minti 240 da zai raba wa 'yan wasansa, a wasanni 82 na kaka. Shi kaɗai ke da wannan iko. Mai ƙungiya na iya zuba kuɗi, manaja na iya sayo 'yan wasa, amma wanda zai shiga fili da wanda zai ɗumama benci, koci ne ke faɗa.

Idan ba za ka ci kofi a bana ba, abin da za ka ci shi ne sanin yaranka: wa zai iya, wa ba zai iya ba, wa ya dace da wa. Duk mintin da ka ba wanda ba shi da makoma a ƙungiyar, ka zubar da shi ne a ƙasa.

Kocin dala miliyan 78 da rabi

Kakar 2022 zuwa 2023 Detroit ta ci wasa 17 ta faɗi 65, Cunningham ya buga wasa 12 kacal kafin a yi masa tiyata a ƙafa. Koci Dwane Casey ya sauka daga kujerar. Mai ƙungiyar, attajiri Tom Gores, ya ƙuduri aniyar ɗauko babban suna.

Ya ɗauko Monty Williams. Mutumin ba baƙo ba ne a harkar. Shi ya kai Phoenix Suns wasan ƙarshe a 2021, ya ci wasa 64 da ita a kakar da ta biyo baya, aka zaɓe shi gwarzon koci na 2022. Phoenix ta sallame shi a Mayun 2023 bayan Denver ta fitar da ita.

Kwantiraginsa da Detroit dala miliyan 78 da rabi ne na shekara shida, mafi tsoka da aka taɓa bai wa koci a NBA zuwa wannan lokaci. Ni kaina na yi murna. Na shiga majalisa ina bugun ƙirji cewa wahala ta ƙare.

Sai dai akwai alamar da muka kau da kai daga gare ta. Williams da farko ya ƙi karɓar aikin. Ya so ya huta ya kula da iyalinsa saboda rashin lafiyar matarsa, kuma wannan uzuri ne da duk mai hankali zai girmama. Gores ya ci gaba da bibiyarsa har ya amince. A taron gabatar da shi ga manema labarai, da bakinsa ya lissafa kuɗin cikin dalilan da suka sa ya zo. Na yaba masa da faɗin gaskiya, amma da ma an ce juma'ar da za ta yi kyau tun daga laraba ake gane ta.

Kuskure na farko: Ivey a benci, Hayes a fili

Jaden Ivey ya gama kakarsa ta farko da matsakaicin maki 16.3 a kowane wasa, kuma kusan duk wasannin da shi aka fara. Yaro ne mai gudu kamar walƙiya, mai iya tsaga 'yan baya ya isa kwando. Yana da nasa raunin: yakan zubar da ƙwallo, tsaronsa kuma da sauran gyara. Amma ai don haka aka ɗauko koci mai tsada, ya gyara.

Da aka buɗe kaka, sai Williams ya ajiye shi a benci ya fara da Killian Hayes. Shi Hayes yana shekararsa ta huɗu ke nan a ƙungiyar, kuma an riga an ga iyakarsa. Yana da ƙoƙarin tsaro da raba ƙwallo, amma jifansa na maki uku bai taɓa kai kashi 30 cikin 100 ba a kowace kaka, a gasar da matsakaicinta ya haura kashi 35.

Hujjar kocin ita ce tsaro da ladabtarwa: sai yaro ya nuna zai tsare gida kafin a ba shi fili. A mako na farko na karɓi wannan hujja, domin mun ci wasa biyu cikin ukun farko. Amma daga 30 ga Oktoba aka fara shan kashi. Watan Nuwamba gaba ɗayansa, wasa 15, ko ɗaya ba mu ci ba. Tsaron da aka ce ana nema bai samu ba, makin ma babu. In kiɗa ya canza ai rawa ma sai ta canza, amma shiru.

Ga inda abin ya ƙare. Ranar 8 ga Fabrairun 2024 ƙungiyar ta sallami Hayes kyauta, kuma har kakar ta ƙare babu wata ƙungiyar NBA da ta ɗauke shi. Mutumin da aka fara wasa da shi kusan sau 30, ƙungiyoyi 29 sun dube shi sun ce ba sa so. Ban ga laifin Hayes ba, an sa shi ne ya shiga. Tambayata ita ce: duk mintunan da aka zuba a kansa, wa zai dawo wa Ivey da su?

Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne a watan Janairu, bayan an riga an kafa mummunan tarihi, kocin ya fito ya amsa cewa a wani zama na shugabannin ƙungiyar ne aka ja hankalinsa kan ya riƙa barin ƙwallo a hannun Ivey, kuma ya yarda ya yi sake. Abin da magoya baya ke ta kururuwa a kai tun Nuwamba ke nan. Amsa laifi hali ne na dattako, amma wannan ihu ne bayan hari.

Kuskure na biyu: an cushe wa Cunningham hanya

Ƙwallon kwando ta yau wasan fili ce. Idan kana da gwani mai riƙe ƙwallo kamar Cade Cunningham, sai ka kewaye shi da masu iya jifa daga nesa. Dole abokan hamayya su bi su zuwa gefe, tsakiya ta buɗe, shi kuma ya kutsa. Idan suka taru a kansa, ya miƙa wa na gefe ya jefa maki uku.

Dubi mutum biyar ɗin da Williams ya buɗe kaka da su: Cunningham, Hayes, Thompson, Isaiah Stewart da Duren. Hayes ba ya jifan nesa. Thompson sabon shiga ne, jifansa na maki uku bai kai kashi 20 ba a wannan kaka. Duren ɗan ƙarƙashin kwando ne, ba ya ma gwadawa. Stewart kaɗai ke ɗan taɓawa.

Sai abokan hamayya suka huta. Su ƙyale mutum uku a waje, su cika tsakiya. Cunningham ya ɗauko ƙwallo ya tarar da bango. Kamar ka sa direban tirela ya ratsa tsakiyar kasuwa ranar da take ci, sannan ka tsaya kana mamakin me ya hana shi gudu.

Duk da haka yaron bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ranar 26 ga Disamba ya ci maki 41 a wasa da Brooklyn Nets, 37 daga ciki bayan hutun rabin lokaci, amma aka doke mu 118 da 112. Kashi na 27 ke nan, wanda ya karya tarihin shan kashi a jere cikin kaka guda. A da tarihin 26 ne, na Cleveland a 2010 zuwa 2011 da Philadelphia a 2013 zuwa 2014.

Kuskure na uku: kwashe manya gaba ɗaya

Wannan ne ya fi sa ni jifa da waya kan katifa. Babu ɗan wasan da ke buga minti 48, dole a huta. Dabarar da yawancin masu horarwa ke bi ita ce su saɓa lokacin hutun manyansu: idan wannan ya fita, wancan na ciki, don kada a bar fili babu jagora.

Williams kuwa ya saba kwashe duk mutum biyar na farko ya zuba 'yan benci zalla. Wannan na iya yiwuwa a ƙungiyar da bencinta ke cike da ƙwararru. Detroit ko biyar ɗin farko ba ta cika ba, balle goma.

Na ga wannan fim ɗin har na haddace shi. A fara wasa lafiya, ana kankankan. Wajen ƙarshen zubi na farko a yi canji. Kafin ka je ka sha ruwa ka dawo an ba mu tazarar maki goma. Manya su dawo su yi ta fafutukar cike ramin da ba su suka haƙa ba, su gaji, a zubi na huɗu a ƙarasa su. Washegari a sake.

Shi ma Thompson bai tsira ba. Yaron da ya fara kaka yana cafke ƙwallo da tare jifa kamar tsohon hannu, sai aka wayi gari an mayar da shi benci, ana fara wasa da irin su Isaiah Livers da Kevin Knox. Kafin tsakiyar Fabrairu duka biyun sun bar ƙungiyar. Hayes, Livers, Knox: mutum uku da aka fifita a kan matasan da aka ce su ne gobe, kuma babu ɗaya da ya ga ƙarshen kakar a Detroit.

Daren da jama'a suka gaji

Akwai wasanni biyu da ba zan manta ba. Ranar 27 ga Nuwamba Washington Wizards ta zo mana gida, ita ma wasa biyu kacal ta ci kamar mu. Ta casa mu 126 da 107. Ranar 21 ga Disamba Utah Jazz ta zo babu manyan 'yan wasanta, ga gajiyar wasan da ta buga a daren jiya, ta ci mu 119 da 111. A wannan dare ne 'yan kallo a filin Little Caesars Arena suka riƙa rera kira ga Gores da ya sayar da ƙungiyar. Washegari ya gana da 'yan jarida, ya ba magoya baya haƙuri, ya yi alƙawarin sauyi.

Kashi na 28 da muka sha a Boston ya kamo tarihin Philadelphia, wadda ta yi nata a tsakanin kaka biyu a 2015.

Ranar 30 ga Disamba aka samu sauƙi, kuma akwai hannun 'yan gida a ciki. A wannan ranar ce Toronto Raptors, wadda shugabanta a lokacin shi ne Masai Ujiri da ya tashi a Zariya, ta yi musayar 'yan wasa da New York Knicks. Cikin waɗanda suka tafi har da OG Anunoby mai tsatson Najeriya da Precious Achiuwa haifaffen Fatakwal. Waɗanda aka karɓo ba su iso ba, Toronto ta shigo fili da ƙarancin mutane. Da ƙyar muka sha da maki 129 da 127, Cunningham ya ci 30. Na ce wa abokaina a majalisa, ko ba komai Bazazzagi ya yi mana rana.

A yi wa Williams adalci

Wani abokina da muke yawan musu ya ce min: "Mutumina, kana ɗora wa bawan Allah laifin da ba nasa ba. Ko wa ka kawo, da waɗannan yaran ba inda za shi." Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan ɓoye ta ba.

Ba Williams ne ya haɗa 'yan wasan ba, babban manaja Troy Weaver ne. Shi ya tara dogaye da yawa ya bar ƙungiya babu masu jifan nesa. Bojan Bogdanovic, wanda ya fi kowa iya jifa, rauni ya hana shi buga wasa har farkon Disamba. Monte Morris da aka ɗauko don ya taimaka wajen raba ƙwallo bai taka fili ba sai a Janairu. Sa'a ma ta juya baya: a 2023 Detroit ce ta ƙarshe a gasar, amma ƙuri'ar zaɓe ta jefa ta matsayi na 5, San Antonio ta tafi da Victor Wembanyama.

Kuma babban laifi na mai ƙungiya ne. Mutum ya ce maka ba ya so, yana da damuwar iyali, ka bi shi da buhun kuɗi har ya ce to. Ka sayi sa hannunsa, amma zuciya ba a sayenta.

Duk na yarda da wannan. Da Detroit ta ci wasa 25 ta faɗi 57, da ban rubuta wannan ba. Babu wanda ya ce a ɗauko kofi. Amma ƙungiyar da ta ci 17 babu Cunningham, ta dawo ta ci 14 da Cunningham lafiyayye da sabon matashi da koci mai ɗan karen tsada, wannan ba a kira shi rashin sa'a. Raunin Bogdanovic ba shi ya zaunar da Ivey ba. Weaver ba shi ke kwashe mutum biyar lokaci guda ba.

Ranar 26 ga Fabrairun 2024 na ga Williams ɗin da nake nema. A wasa da Knicks, saura daƙiƙu a tashi, Donte DiVincenzo ya banke Thompson, alƙalai ba su busa ba, aka ci mu 113 da 111. Kocin ya zo gaban 'yan jarida ya zazzage fushinsa ya tashi ya fice, alƙalan ma daga baya suka amsa sun yi kuskure. Ya yi daidai. Amma na tambayi kaina: ina wannan wutar take a watan Nuwamba?

Gani ya kori ji

An gama kaka da nasara 14 da rashin nasara 68, mafi muni a tarihin ƙungiyar. Aka ɗauko Trajan Langdon ya jagoranci harkokin wasa, aka raba gari da Weaver. Ranar 19 ga Yunin 2024 aka sallami Williams, da sauran kusan dala miliyan 65 a kwantiraginsa. Idan ka raba dukan kuɗin kwantiragin da wasa 14 da ya ci, kowace nasara ta tashi a kan sama da dala miliyan biyar da rabi.

Aka kawo J.B. Bickerstaff, wanda Cleveland ta sallama wata guda da 'yan kwanaki kafin nan. Babu ganga, babu algaita. Me ya yi? Abubuwan da ba su buƙatar digiri. Ya fara wasa da Ivey tun ranar farko. Ya tabbatar akwai masu jifan nesa kusa da Cunningham. Kowa ya san aikinsa da lokacin shigarsa.

Ivey yana cin maki 17.6 a kowane wasa, jifansa na maki uku ya haura kashi 40, kafin ya karye a ƙafa ranar 1 ga Janairun 2025. Cunningham ya gama kaka da matsakaicin maki 26.1, aka zaɓe shi cikin taurarin gasar a karon farko. Detroit ta ci wasa 44 ta faɗi 38, ta zo ta 6 a shiyyar gabas. Daga 14 zuwa 44, ninki uku da ɗoriya a shekara guda.

Ranar 21 ga Afrilun 2025 ta doke Knicks a New York da maki 100 da 94, nasararta ta farko a zagayen fitar da gwani tun 2008. Knicks ta fitar da mu da wasa 4 da 2, amma wannan irin kashin da daɗinsa, domin an fafata.

Abokina zai ce: ai an sayo sababbin mutane. Gaskiya ne. An kawo Tobias Harris da Tim Hardaway Jr. da Malik Beasley, wanda shi kaɗai ya jefa ƙwallon maki uku sau 319 a kakar, sai Dennis Schroder a tsakiyar kaka. Ba zan ce nasara 30 da aka ƙara duk aikin koci ba ne. Amma a cikin waɗannan babu tauraron da ake rububinsa a kasuwa. Ginshiƙan ƙungiyar a wannan kakar, Cunningham da Ivey da Duren da Thompson da Stewart, su ne dai waɗanda aka ce mana ba su iya ba. Ashe ba yaran ne ba su iya ba.

Abin da na koya

Na farko, suna ba ya horar da ƙungiya. Williams ya yi nasara a Phoenix da gogaggu irin su Chris Paul da Devin Booker. Rainon yara 'yan shekara 20 wani aiki ne daban, yana son haƙuri da gwaji da yarda cewa yaro zai yi kuskure a fili kafin ya koya. Wanda ya iya tuƙa mota a kan kwalta ba lallai ya iya fitar da ita daga taɓo ba.

Na biyu, taurin kai ba shi ne tsayuwa kan aƙida ba. Koci na da damar ya gwada ra'ayinsa wasa biyar, ko goma. Amma idan aka doke ka sau 15 a jere kana nan kan bakanka, to kare girman kanka kake yi, ba ƙungiya ba.

Na uku, mai goyon baya ba jahili ba ne. Gaskiya ne ba ma zuwa wajen atisaye, ba mu san abin da ke faruwa a ɗakin sauya kaya ba. Amma wani lokaci wanda ke gefe ya fi ganin wasan dara. Abin da dubban mutane suka gani a Nuwamba, shugabannin ƙungiya suka faɗa a Janairu, sabon koci ya aiwatar a Oktoba, ba za a ce hayaniyar 'yan kallo ba ce kawai.

Ba na riƙe da Monty Williams a zuciya a matsayinsa na mutum. Duk wanda ya yi aiki da shi yana shaidarsa da kirki, kuma ya ga jarrabawar rayuwa da ta fi ƙwallo nauyi nesa ba kusa ba. Amma aiki amana ne. An damƙa masa shekara guda ta rayuwar wasu matasa, a sana'ar da ƙarfin mutum ba ya wuce shekara goma zuwa sha biyar, kuma wannan shekarar ba za ta dawo ba.

Uwargida ta yi gaskiya, su Cunningham ba su san ina yi ba. Rigar Ben Wallace ma ta daɗe da yi min kaɗan, tana ƙasan akwati. Amma idan Allah ya kai mu Oktoba, ƙarfe ɗayan dare zai same ni da waya a hannu. Abin da kawai nake roƙo ga duk wanda ke kan kujerar koci shi ne, idan zai raba minti 240 ɗin nan, ya raba su da idonsa a buɗe.